Za a Hau Sama

Tun ranar da Esta ta ɗauko mahaifinta daga ƙauyensu na ƙasar Tangale ta kawo shi Wudil, tsohon nan bai yarda ya kwance jakarsa ba. Tana nan a gindin gado a rufe, da hoton marigayiya matarsa a ciki, naɗe cikin tawul. In ta ce, "Baba, kawo hoton Mama in kafa maka a bango," sai ya girgiza kai ya ce, "Baƙo ba ya kafa ƙusa a bangon mutane."

Ita kuwa ba don marmari ta ɗauko shi ba. Bayan rasuwar mahaifiyarta, Baba Bulus ya zauna shi kaɗai a gida, hawan jini ya taɓa kayar da shi a gona, sai makiyaya ne suka tsince shi a kwance tsakanin kunyoyi. Yayanta yana Legas, ita kuma tana aiki a ɗakin karatu na jami'a. In tsohon ya koma ƙauye babu mai tuna masa magani, babu mai leƙa shi da safe, kuma ta san sarai wata rana waya kawai za a yi mata. Wannan wayar ita take tsoro fiye da komai a duniya.

Sai dai Wudil ba ta karɓi Baba Bulus ba, shi ma bai karɓe ta ba. Mutum ne da ya tashi a gindin duwatsu. A bayan gidansa akwai wani faffaɗan dutse da yake hawa kullum da yamma tun yana saurayi, daga baya shi da matarsa, su zauna suna kallon gonaki har rana ta faɗi. Nan kuwa fa? Katanga a gaba, katanga a baya, ga zafin bazara, wutar lantarki kuma sai ta ga dama take leƙowa.

"Wannan gari naku," in ji shi, "kowa ya gina akwati ya shige ya rufe kansa. Ta ina kuke shaƙar iska?"

Ya rage cin abinci. Wandonsa ya fara zamewa daga ƙugu. Mutumin da ya shekara da shekaru yana jan waƙa a majami'a, wanda in ya buɗe baki har ƙauyen gaba sai an ji, ya koma magana ƙasa-ƙasa kamar mai bashin wani.

To gidan da Esta take haya a bakin gari yake, ta ɓangaren kogi. Mai shi ya zuba rufin kankare da niyyar ɗora bene, abin bai yiwu ba, ya bar rodi a tsaitsaye a sama ya koma Kano abinsa. Ta bayan kicin akwai matakala da ake bi in za a duba tankin ruwa. Esta ba ta taɓa hawa ba, me za ta je yi?

Ran nan ta taso daga aiki da la'asar, ta leƙa ɗakin Baba, wayam. Ta duba banɗaki, ta duba ƙofar gida, babu shi babu kujerar robarsa. Tana shirin fita titi da ihu sai ta ji waƙa tana saukowa daga sama, waƙar majami'a da harshen Tangale, da wannan murya da ta yi watanni ba ta ji ba. Ta haye matakalar da gudu, takalmi ɗaya a ƙafa.

Ga shi nan a kan kujera, hula a gwiwa, iska tana kaɗa masa riga.

"Esta! Zo ki gani! Ashe akwai duniya a garin nan kika ɓoye mini?"

Ya kama hannunta yana nuna mata. Ga kogi ya miƙe yana sheƙi, ga kwale-kwalen masu ɗiban yashi, ga fadama kore shar da rake da albasa, ga gada can motoci suna bi a kai, har da wata tirela cike da shanu, ƙahonninsu a sama. Ran nan Baba Bulus ya cinye malmalar tuwo biyu ya tambaya ko akwai saura. Esta ta shiga ɗakinta ta durƙusa ta gode wa Ubangiji har da hawaye.

Kayya, daɗin bai yi mako ba. Wata yamma ta dawo ta tarar da shi a ƙasa yana murmushi, irin na wanda ya yi abin kirki yana jiran yabo.

"Yau na gaisa da maƙwabta," ya ce.

"Waɗanne maƙwabta, Baba? Fita ka yi?"

"Ina fa! Daga sama. Matar gidan bayanmu, tana zaune a tsakar gida da ɗaurin ƙirji 'yarta tana yi mata kitso. Na ga bai kamata in gan ta in yi shiru ba. Sai na miƙe na cire hula na ce, 'Sannu da hutawa, uwargida! Kitso ya yi kyau!'"

Esta ta matso kusa da shi. "Sai ta ce me?"

"Ai ba ta amsa ba. Salati ta saka ta zura ɗaki da gudu, har ta yi ƙwallo da kwano. Ina jin kunya ce ta yi mata yawa."

Jama'a, a garin da ko ƙanen miji sai ya yi sallama sau uku kafin ya sa ƙafa a tsakar gida! Esta ta dafe kai. Ba ta kai ga buɗe baki ba aka yi sallama a ƙofa.

Malam Gwadabe ne, mijin matar, manomin fadama mai sayar da albasa a bakin titi. Ransa a ɓace yake, gemunsa har rawa yake yi, amma ɓacin rai bai hana shi gaisuwa ba. Ya tambayi gajiya, ya tambayi aiki, ya tambayi zafi, ya tambayi jikin dattijo da mutanen gida na can, duk ya jera su tsaf. Sai da ya gama sannan ya ce, "To Malama, gobe in Allah ya kai mu ina so mu haɗu a wurin mai unguwa."

Kafin goben Esta ta kira mai gidan a waya ta tambaye shi ko an yarda a zauna a kan rufin. Ya ce shi dai gida ya ba ta haya daga ƙasa har sama, su dai kada su taɓa masa tanki. Da wannan ta tafi zauren mai unguwa Halliru, tana ganin ta riƙe hujja.

Mai unguwa ya saurari kowa yana jan carbi. Da aka gama ya gyara zama.

"Ni dai tun da aka ba ni unguwar nan," ya ce, "ban taɓa jin dokar da ta hana mutum zama a kan rufinsa ba. Rufi naku ne, Malama, babu mai ja. Amma tsakar gidan ta Gwadabe ce. Shi kuma ido bai san iyaka ba, in ka hau da shi sama ba ya tsayawa a inda hayarka ta tsaya."

Baba Bulus ya cire hula ya riƙe da hannu biyu. "Ranka ya daɗe, rashin sani ya fi dare duhu. A wajenmu in ka hango mutum daga kan dutse ka ƙi gaishe shi, kai ne marar tarbiyya, har gida za a kai ƙararka. Wallahi ni ladabi na yi nufi. Malam Gwadabe, ka yafe mini, ka kuma roƙa mini iyalinka."

Dattawan da ke zauren suka tuntsire da dariya. Shi kansa Gwadabe sai da ya sunkuyar da kai yana cizon leɓe.

"Baƙo ko da ido makaho ne," in ji mai unguwa. "To ga yadda muke yi a nan, Baba. In magini zai hau katanga, ko wani zai hau bishiya sassabe, sai ya ɗaga murya tukuna ya ce, 'Za a hau sama, a kimtsa!' Mata su ji, mai shiga ɗaki ta shiga, mai rufe jiki ta rufe. Kai ma ka riƙa yin haka."

Ai kuwa faɗuwa ta zo daidai da zama. Washegari da la'asar Baba Bulus ya tsaya a gindin matakala, ya cika ƙirji da iska, ya saki muryar nan ta majami'a:

"ZA A HAU SAMAAA! A KIMTSAAA!"

Tantabaru suka tashi daga kan katanga. Mai shayin bakin titi ya ce shi ma sai da ya gyara hularsa. Kafin kwana uku yaran unguwa sun haddace, suna bin lungu suna kwaikwayo. Esta ta saki jiki, ta ce magana ta ƙare.

Ashe tsugune ba ta ƙare ba. Ita wannan shela an yi ta ne don magini, wanda zai hau ya liƙe tsaga ya sauko, sai kuma baɗi. Ba a yi ta don dattijon da zai hau da kujera da butar ruwa tun la'asar sai an kira magariba ba, kuma kullum ta Allah. Lokacin nan kuwa shi ne na girki. Matan gidajen da ke kewaye suka shiga uku: ko su ƙule a ɗaki cikin zafin bazara tuwo ya ƙone, ko su tsaya gaban murhu cikin hijabi gumi yana bin su har dunduniya.

Ran nan Baba ya yi shelarsa, sai wata murya ta tsallako katanga, ba ta kai tasa ƙarfi ba amma ta fi tasa kaifi:

"A hau mana! A hau lafiya! Mu kuma a soya mu a ɗaki kamar gyaɗa!"

Talatu ke nan, matar Gwadabe, mai kitson ran nan. Washegari Gwadabe ya sake zuwa, wannan karon kansa a ƙasa, yana ta ba da haƙuri. Ya ce mai unguwa ya ce a dakata da hawan tukuna, mata sun kai kuka.

Baba Bulus yana ji daga ɗaki. Ya hau da kansa ba tare da ya ɗaga ido ko'ina ba, ya sauko da kujerar ya ajiye a bayan ƙofa.

"Suna da gaskiya," ya ce wa Esta. "Ba zan zama sanadin ƙuntata wa matan mutane a gidajensu ba. Ranar Asabar ki kai ni tasha."

"Baba, don Allah! Wa zai kula da kai a can?"

"Wanda ya kula da ni tun kafin a haife ki. 'Yata, kin yi iya ƙoƙarinki, Allah ya yi miki albarka. Amma gara in faɗi a kan dutsena da in ruɓe a cikin akwati."

Ta roƙe shi har muryarta ta dushe. Ta san halinsa, in ya faɗi magana a hankali haka, ko Fasto ba ya juya shi. Ran nan Laraba ce.

Ranar Alhamis Esta ta kasa aiki, littafin lissafi ma a layin na noma ta jera shi. Da ta taso ba ta shiga gida ba. Ta yafa gyale ta zagaya lungu ta yi sallama a gidan Gwadabe, gidan da tun zuwanta unguwar ba ta taɓa shiga ba. An ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, ta ce bari ta gwada.

Ta sami Talatu tana baza yankakkiyar kuɓewa a tabarma. Gajeruwar mace ce mai jiki, da wushirya, idonta kar a kan mutum.

"A'a! Malama ce da kanta? Lale marhabin. Khaulat, kawo tabarma! Yaya mai shela?"

Esta ta zo da jawabinta a shirye, tun a hanya take maimaita shi. Ta buɗe baki ta ce, "Maman Khaulat, na zo ne in ba ki haƙuri," sai kawai kuka ya ƙwace mata.

"Subhanallahi! Ke, zauna. Wa ya mutu?"

Babu wanda ya mutu, in ji Esta, amma saura ƙiris. Ta kwashe komai ta faɗa mata: rasuwar Mama, faɗuwar gona, jakar da aka ƙi kwancewa, malmala biyun ran nan, da tashar ranar Asabar. Talatu tana saurare tana juya kuɓewa da yatsa.

"Ni nawa uban a Utai ya rasu," ta ce. "Ga Utai ga Wudil, amma ina nan ina tuƙa tuwo aka zo aka gaya mini. Har yau abin yana ci na." Ta share hannu a zani. "Wai ni kam, me yake gani a saman nan da ya fi masa abinci?"

"Zo ki gani da idonki."

Talatu ta dube ta, ta dubi katangar, ta ce, "Khaulat, miƙo mini hijabi. In Malam ya dawo ki ce ina maƙwabta."

Baba yana ɗaki a kwance ya juya wa ƙofa baya, suka wuce shi suka kama matakala. Talatu tana hawa tana tsine wa gwiwoyinta. Da suka kusa kaiwa sai ta tsaya, idonta ya yi wani ƙyalli na shaƙiyanci, ta kumbura murya irin ta maza:

"Za a hau samaaa! A kimtsaaa!"

Nan da nan ka ji kwanuka suna ƙara a gidaje, ana "Ke, ɗauko mini mayafi!" Sai ga kan Talatu ya ɓullo a sama tana dariya har da riƙe ciki. Wata maƙwabciya ta ɗago kai ta ce, "Amma Talatu ke 'yar banza ce! Allah ya isa miyata!" Unguwa ta kaure da shewa.

Dariyar ta tsaya cak da ta leƙa nata gidan.

"Innalillahi! Haka nake a fili? Ga randa, ga turmi, ga ma tukunyar da na tura bayan rumbu don kada in wanke! Malama, ashe tsohon nan mai kawaici ne, kitso kawai ya ambata."

Daga nan ta juya ta ɗaya ɓangaren, inda babu gida ko ɗaya sai fadama da kogi. Ta sha haye gadar nan a mota, a matse tsakanin buhuna, amma ba ta taɓa ganin kogin a shimfiɗe gaba ɗayansa ba. Iska ta taso daga ruwa ta cika mata hijabi.

"Kai!" ta ce a hankali. "Ashe iskar garin nan duk a nan take taruwa, mu an bar mu da hayaƙi." Ta miƙa hannu. "Kin ga waccan hanyar? In kin bi ta za ta kai ki Utai. Ta nan aka kawo ni ina amarya a bayan a-kori-kura, ina kuka ina cin rake." Ta goge ido da bakin hijabi, ta yi tsaki don kada a ce ta yi kuka. "Wannan tsoho ba mu yake kallo ba. Wa zai bar wannan ya kalli tukunyata?"

Ta zagaya rufin tana taɓa rodin nan ɗaya bayan ɗaya, tana girgiza su ta ji ƙarfinsu.

"Maza sun taru a zaure sun sha shawara, ba wanda ya tuna da zana. Zana fa, Malama! Ta gamba, irin wadda muke kewaye gida da ita a ƙauye. Ga turaku ma mai gida ya kafa muku. A rufe nan, da nan, da nan, duk inda gidaje suke, a bar masa kogin ya yi ta kallo har ya ƙoshi. Ƙanena Ɗantani saƙar zana ce sana'arsa, gobe Juma'a zai shigo kasuwa da su."

Esta ta rungume ta ba ta san ta yi ba.

"Sake ni, ban gama ba," in ji Talatu. "Da sharaɗi. Duk Juma'a in maza sun tafi kasuwa da masallaci, saman nan na matan unguwa ne. Mu ma Allah ya yi mu da huhu."

Da yammar nan Esta tana wanke-wanke ta ji ana fafatawa ta bayan katanga. Gwadabe yana cewa, "Ni da girmana zan hau rufin mutane in ɗaura zana?" Talatu tana cewa, "To Malam, wa ya fi ka sanin inda ba ka so a gani? Ko in hau da kaina?"

Esta ta gaya wa Baba abin da aka shirya. Ko juyowa bai yi ba. "Kada ki wahalar da mutane saboda ni. Na riga na gama magana."

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, sai ga Gwadabe da surukinsa Ɗantani da zana a naɗe a ka, da gora da igiya. Esta ta buɗe musu suka wuce gindin matakala. Gwadabe ya yi gyaran murya, ya waiwaya ko wani yana kallonsa, sannan ya ce da 'yar siririyar murya, "Za a hau sama... a kimtsa."

Daga cikin ɗaki aka ji gado ya yi ƙara.

"Wane ne wannan yake ɓata shela?" Sai ga Baba Bulus a bakin ƙofa, ba hula. "Haba Malam Gwadabe! Wannan ai ko kaza ba za ta kauce ba. Matsa."

Ya cika ƙirji ya saki tasa, tantabaru suka watse. Kuma da yake ya riga ya yi shela, ai sai ya hau, don ba a shelar ƙarya. Ya ce kallo kawai zai yi. Kallon bai daɗe ba ya ƙwace igiya daga hannun Ɗantani, wai wannan ɗauri ko atishawa aka yi sai ya kwance, bari ya nuna musu yadda ake ɗaure zana a ƙasar da iska take tuge bishiya. Gwadabe ya ce su ma nan ba a ɗaki aka haife su ba. Manoma biyu suka kama musu a kan ƙulli, suna ja suna ɗaurewa, gumi yana zuba, kowa yana cewa nasa ya fi. Esta tana tsaye da jarkar zoɓo, ta ga mahaifinta yana dariya har haƙoransa na ciki sun bayyana.

Da aka gama Gwadabe ya ce sai ya gwada. Aka hau da kujerar Baba, ya zauna a kai ya duba. Ya miƙe ya duba. Ya yi ɗage a kan yatsu, ya kara ido a jikin zanar yana neman kafa.

"Malam!" Talatu ta ƙwala daga ƙasa. "Kana gani na?"

"Ko kaɗan!"

"Alhamdu lillahi! Ni ma na huta da ganinka!"

Gwadabe ya juya zai sauka, idonsa ya faɗa kan fadama. Ya tsaya. "Kai, waccan ai gonata ce! Ga ma rijiyar. Ashe haka albasar ta yi kyau?" Ya jawo wani bulo ya zauna a kai, sauka kuma ba a sake maganarta ba. Can sai ga mai unguwa Halliru ya zo duba aiki, yana haki yana riƙe da babbar riga. Ya zagaya, ya leƙa, ya ce yanzu kam ido ya san iyakarsa, ya halatta, kowa ya shaida. Shi ma aka ba shi kujerar Baba ya zauna, wai sai ya huce.

Kowa yana murna, ban da Esta da zuciyarta take rataye. Baba ya yi dariya, ya sha zoɓo, amma bai ce ya fasa ba. Jakar tana nan a rufe, gobe kuma Asabar.

Ana cikin hira Baba Bulus ya ɗaga hanci yana shaƙar iska. Ya miƙe ya dubi gabas ta saman zana. Gwadabe ya bi idonsa, shi ma ya miƙe zumbur. Can ƙasan sama ya yi baƙi ƙirin, yana tahowa. Waɗanda suke cikin gidaje ba su san ana yi ba, katanga ta tare musu, rana ma ba ta gama ɓacewa a kansu ba. Ga shanya a kowace tsakar gida, ta wanki da ta kuɓewa da ta barkono.

Ba wanda ya sa shi. Baba Bulus ya kafa hannu biyu a baki:

"HADARIII! GA RUWA NAN! A KWASHE SHANYAAA!"

Unguwa ta hautsine. Mata suna kiran yara, yara suna kiran awaki, ana jan tabarmi ana ture randuna ƙarƙashin indararo. Iska ta iso ta daki zanar nan, ta lanƙwasa ta dawo, ko igiya ɗaya ba ta saki ba. Baba da Gwadabe suka dubi juna, kowa yana nuna nasa ƙullin. Sannan ruwan farko na shekara ya sauko da manyan ɗigo, ƙamshin ƙasa ya tashi. Suka gangaro matakala a jere sharkaf, mai unguwa yana kare rawani da hannu, Gwadabe yana ta hamdala, Baba yana waƙarsa ta Tangale, ba mai jin ta wani.

Da ruwa ya tsagaita Khaulat ta yi sallama da kwano a rufe, tuwon dawa da miyar kuɓewa. Kafin Esta ta karɓa muryar uwar ta riga ta tsallako katanga:

"Baba! Allah ya saka da alheri, ko ƙwaya ɗaya ba ta jiƙe ba! Daga yau aikinka ne fa, mun ɗora maka. Kada ka bari ruwa ya ci mu!"

Baba ya ɗaga kai ya dubi katangar. "Esta," ya yi raɗa, "yanzu in na amsa ba laifi?"

"Amsa mana, Baba."

"To uwargida! Na ji, na karɓa!"

Da safe Esta ta shirya, ta tsaya a ƙofar ɗakinsa ta kasa shiga. Tsoro take ji, tsoro sosai, don ta san mutum yana iya dariya jiya ya kama hanya yau. Ta daure ta tura ƙofar. Yana zaune a bakin gado da kayansa na fita, jakar a gabansa.

"Baba, in kira mai adaidaita? Tashar..."

"Wace tasha? Damina ta kama, mutanen nan kuma ba sa ganin gabas. In na tafi wa zai duba musu hadari? Gwadabe? Da wannan muryar?"

Sai a lokacin ta lura zip ɗin a buɗe yake. Ya sa hannu ya ciro tawul ɗin, ya warware shi a hankali, ya goge gilashin hoton da hannun riga. Ya dubi bangon da ke fuskantar gadonsa, ya dube ta.

"Esta, akwai ƙusa a gidan nan?"

Babu ko ɗaya. Ta fita tsakar gida da gudu, tana kuka tana dariya, ta tsaya a jikin katanga ta ɗaga murya yadda duk unguwa za ta ji: "Maman Khaulat! Don Allah a ara mana ƙusa da guduma!"